Arizona a Garejin Taraktoci

Ƙanena Orval yana da shekara saba'in da ɗaya ya ci bashin shekara ashirin. Da na ji, tambaya ɗaya na yi masa: shi da wa suka yi alkawarin zai kai? Ya ce mutumin kamfanin ya tabbatar masa kowa haka yake yi. Na ce a kawo min kowan in gan shi.

Abin da ya ciwo bashin a kansa mota ce, in dai za a kira wannan abu mota. Ta fi bas ɗin 'yan makaranta tsawo. A cikinta akwai ɗakin kwana, da falo, da kicin, da banɗaki har da shawa, da talabijin biyu, ɗaya ma a jikinta ta waje, wai ko mutum zai yi marmarin kallon labarai sauro yana cizonsa. In ka danna wani maɓalli sai bangon ya tura kansa waje, falon ya ƙara faɗi. Ranar da ya kawo ta gonata ya danna min maɓallin nan har na gaji, yana kallon fuskata yana jiran in riƙe baki. Ban riƙe ba.

Masu tambayar inda tsofaffi ke samo kuɗin irin wannan mota, ku zo in gaya muku, ba wani asiri ba ne. Gidan da matarsa Verna ta raini 'ya'ya uku a cikinsa suka sayar. Aka ɗora kuɗin sallamarsa na masana'antar sukari a kai. Abin da ya rage banki ya cike, da fara'arsa. Shi ke nan, mutum ya wayi gari gidansa yana da tayoyi.

Ba wai ban fahimci ciwon ba. A garinmu, da an gama kwashe amfanin gona sanyi ya fara leƙowa, sai masu hali su kama hanyar Arizona, can kudu inda ba a sanyi. Sai Afrilu su dawo, rana ta gasa su, su zauna a teburin gahawa na shagon gari suna ba da labarin yadda suka ci Kirsimeti da gajeren wando. Shekara arba'in Orval yana zaune a teburin nan yana saurare, hancinsa na yoyo. Abin ya daɗe yana cinsa.

Sai kuma Harlan. Gonarsa tana kallon tawa, titi ne kawai a tsakaninmu. Shi da Orval tare suka shiga firamare, kuma tun daga lokacin ban taɓa jin ɗaya ya faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba. In Orval ya sayi hula, Harlan zai tambaye shi ko mai ita ya rasu ne. Amma ranar da tarakta ta danne wa Harlan ƙafa, Orval ne ya nome masa gonar kaf, yana yi yana zaginsa. Matansu kuwa, Verna da Ardis, shekaru aru-aru tare suke a kicin ɗin coci, ɗaya na wanke kwano ɗaya na gogewa.

A shekarar huhun Harlan ya riga ya gaji. Duk da haka ya zo walimar sallama da aka yi wa su Orval a ɗakin ƙasa na coci, yana jan tukunyar iskarsa a baya. Ya zagaya motar a hankali, ya taɓa taya da sandarsa.

"Kai da ko birnin Fargo da ke nan kusa ba ka zuwa sai ka ɓata," in ji shi, "kai ne za ka kai wannan dodon Arizona? Kafin ƙanƙarar farko ta sauka kana gida."

"In ka gan ni kafin Afrilu, ka kira ni da sunan karenka."

"Karena bai yi min laifin komai ba."

"Zan aiko maka da lemo," in ji Orval, "ka tsotsa ka rage baƙin ciki."

Aka yi dariya, fasto ya yi addu'a, aka ɗaga musu hannu. Verna ta rungume Ardis sun daɗe ba su saki juna ba. Orval ya danna ham, ya tafi kamar mai tuƙa jirgin ruwa.

A ranar, lokacin cin abincin yamma, ina tsaye a kicin sai na ga tagata ta yi duhu. Na leƙa. Dodon ne a tsakar gonata, ya shigo ta hanyar baya, kansa a aske. Na'urar sanyaya ɗaki da ke saman ta tafi, farantin talabijin ya tafi, rufin ya yage kamar gwangwanin kifi. Ashe gaba da Fargo kaɗan ya shiga wani gidan mai ya manta tsayin abin da yake tuƙawa, ya daki rumfarsu. Inshorar da ya zaɓa kuma mai arha ce, irin wadda sai ka fara zubar da naka kafin ta motsa. Da gyaran motar da gyaran rumfar masu gidan man, kuɗin da suka ware na zaman Arizona ya ƙare ƙaf.

Ya shigo yana murza hula.

"Yaya."

"Har an dawo? Ya mutanen Arizona?"

"Don Allah, Yaya Marlys. Garejin nan na taraktoci ai babu komai a rabinsa."

"To?"

"Sati biyu kawai. Kafin in san abin yi."

"Ka je ka gaya wa mutane gaskiya. Rumfa ka buge, ba mutum ba."

"Harlan fa?" in ji shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ko ƙanƙarar ba ta sauka ba."

Na dubi Verna. Tana bakin ƙofa da jakar hannunta a ƙirji. Matar da ba ta da gida yanzu sai wannan abu mai yagaggen kai. Don ita na buɗe garejin, ba don shi ba. Shi in don shi ne ya kwana a titi.

Sati biyun nan sai da ya cinye Nuwamba, ya cinye Disamba, ya shiga sabuwar shekara. Orval ya lulluɓe rufin da tamfol, ya jawo wuta daga gidana, ya huda bangon garejin ya zura bututu don hayaƙin murhun ɗumama motar ya riƙa fita. Ya shimfiɗa koren kafet a gaban ƙofar, ya dasa kujeru biyu na shan iska, har da ɗan tebur. Nan suke zama da safe, sanye da rigunan sanyi uku-uku, suna kallon tsohuwar motar girbin marigayi mijina. 'Ya'yansu suna can nesa, a waya ake gaisawa, su ma Arizona aka gaya musu.

Ni ce na zama 'yar aike. Ni, da shekaruna. In je kanti in sayi abincin mutum uku, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta dubi kwandona ta dube ni.

"Mama, cin abinci ya buɗe ke nan?"

"Sanyi ne," in ce.

"Har da kifin kwalba? Ai na ɗauka ba kya ci."

"Tsufa ne. Saka min a leda."

Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, wayar Orval sai ta yi ƙara. Harlan ne. Saboda haka tun safe Orval zai zauna gaban talabijin ya haddace yanayin Arizona kamar ɗan makaranta. Sai ya ɗauki wayar ya miƙe ƙafa, tururi na fita daga bakinsa.

"Ya yanayi a can?" in ji Harlan.

"Kai, zafi! Zafi har ya yi yawa. Yanzu haka a inuwa nake."

"Ka yi hankali da rana. Me nake ji haka, kamar haƙoranka na kaɗawa?"

"Ƙanƙara nake tauna. Ta cikin lemo."

"Af, lemo! Ina nawa?"

Ka ji yadda aka tura ni gari na gaba in sayo buhun lemo, in zuba a kwali, in kai wa Harlan wai ɗan saƙo ya ajiye a gidana bisa kuskure. Na same shi a gadon da aka jawo masa kusa da tagar falo, madubin hangen nesan da yake kallon agwagin daji da shi yana gefen filo. Ya ɗauki lemo ɗaya ya juya shi, ya daɗe yana kallonsa, sai tari ya sarƙe shi. Tari har da hawaye. Ardis ta zo tana buga masa baya, ta kawar da kai gefe. Ni dai na ce a raina, bawan Allah, jiki ya ƙi.

Wajen tsakiyar Janairu Orval ya tuna cewa masu dawowa daga Arizona a gashe suke dawowa, shi kuwa ya yi fari fat kamar dafaffen dankali. Sai ya zaƙulo jar fitilar da nake ɗumama 'yan tsaki da ita, ya rataye ta, ya zauna a ƙarƙashinta ya rufe ido. Barci ya kwashe shi. Ya farka kunnensa na hagu ya yi ja ya kumbura, sauran fuskar tana nan yadda take. Verna ta shafa masa man shanu. Ranar ce kaɗai na ji dariyarta a duk zaman.

Don ita ba wasa ba ne. Akwai wata 'yar tsaga a ƙofar garejin da ke kallon gidan Harlan, kuma kullum na shigo a nan nake samunta. Tana ganin motar ma'aikaciyar jinya ta zo ta tafi. Tana ganin Ardis ta fito zubar da shara ta tsaya ta dafa bango. Aminiyarta tana jinyar miji a tsallaken titi, ita kuma tana Arizona. Suna waya, amma me za ka yi wa mai jinya a waya? Ba za ka wanke mata kwano ba, ba za ka zauna da mara lafiya ta samu ta runtsa ba.

"Ka bar ni in je," ta ce da shi, ba sau ɗaya ba.

"Afrilu ta kusa, Verna. A gyara rufin mu fita ta baya mu shigo ta gaba, shi ke nan."

"Harlan ba zai kai Afrilu ba."

"Wannan? Don ya ƙure ni ma sai ya kai."

Ya yarda da hakan har zuciyarsa. Ban san ko wauta ba ce ko tsoro, a wajen Orval su biyun tare suke tafiya.

Da aka yi babbar dusar ƙanƙarar ƙarshen Janairu, hanyar gidan Harlan ta toshe ruf. Da safe muka hango Ardis da shebur, 'yar tsohuwa, tana ɗiba kamar mai ɗibar gishiri da cokali. Orval ya kai gwauro ya kai mari a cikin garejin. Can sai ya cire kwat ɗina daga ƙusa, mai ruwan hoda, ya naɗe fuskarsa da mayafina, ya kafa hulata mai tuntu.

"Me kake yi haka?"

"Ke ce za ki share musu hanya."

"Ni? Rabona da hawa tarakta tun mijina na da rai!"

"Yau kin hau."

Ya fita da tarakta ya share hanyar tas. Ya tara ƙanƙarar a gefen arewa, ya lanƙwasa ta don ta tare iska, ya bi gefen akwatin wasiƙa ya gyara kamar da reza, yadda duk garin nan mutum ɗaya ne ke yi. Da zai juyo har ya ɗaga wa tagar falon hannu, wai irin ɗagawar mata. Ranar Lahadi a coci mutum uku suka yaba min. Fasto ya ce bai san ina da wannan baiwa ba. Na ce ni ma ban sani ba.

Harlan ya cika ranar wata Talata a Fabrairu, da hantsi. Verna ce ta fara sani, don ta ga motar masu ɗaukar gawa ta tsagar ƙofa. Da na shiga garejin na tarar Orval zaune a kujerar shan iska, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, yana kallon koren kafet. Verna kuwa tana cikin motar, ta kunna tanda.

A wurinmu in an yi rasuwa ba a zuwa da dogon jawabi, da kwano ake zuwa. Kowace mace da abin da aka san ta da shi, kuma ba a shiga gonar wata. Na Verna gashin dankali ne da niƙaƙƙen nama da shinkafar daji, wanda duk wanda aka binne a cocinmu cikin shekara arba'in an ci shi a kansa. Ni kuwa tun wani abu da ya faru da wake a zamanin tsohon fasto, aka yanke cewa nawa burodin kanti ne da kokwamba ta kwalba. Ban ji haushi ba. Na ji, amma ya wuce.

Ta fito da kwanon a naɗe da tawul, ta miƙo min. Idonta ya kumbura.

"Kai mata, Yaya."

"In ce wa ya yi?"

"Ki ce ke."

"Verna, ko jariri ba zai yarda ba."

"Ki ce na ba ki yadda ake yi a waya. Ki ce abin da kika ga dama. Ni dai ba za a yi daren farko a gidan nan babu kwanona ba."

Orval ya ɗago kai kamar zai yi magana. Ta dube shi. Ya mayar da kansa.

Na tsallaka titi da kwano. Gidan ya riga ya cika da mata, ana ta jera abinci a tebur. Na rungumi Ardis na yi mata gaisuwa, na miƙa mata, na ce ga ɗan abin da na taɓa. Matan suka dubi juna. Wata ma har ta ja da baya kaɗan. Ardis ta buɗe tawul ɗin, ƙamshi ya tashi. Sai ta yi abin da kowace mace a garin nan ke yi da kwanon da aka kawo mata, ta ɗaga shi sama ta leƙa gindinsa don ta san wa za ta mayar wa.

Ni ban tuna ba, Verna ma ba ta tuna ba. Wa zai tuna? Ɗan farin salatif ɗin nan da ake rubuta sunan mai kwano a kai ya fi shekara talatin a manne a wurin, an wanke shi har ya zama jikin kwanon. Amma sunan Verna yana nan raɗau.

Ardis ta sauke kwanon a hankali.

"Da zafinsa kuwa," ta ce. "Sannu, Marlys. Hannunki ya faɗa."

Na dawo gida ban gaya musu komai ba.

Kwano kuma ba a aikawa da shi, ba a kuma mayar da shi wayam. Mai gida ce ke kai wa mai shi hannu da hannu. Washegari da rana ina share bakin ƙofa sai ga Ardis ta tsallako, da baƙin kwat, kwano a hannu. Na gyara tsayuwa na miƙa hannu zan karɓa. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta nufi garejin, ta tura ƙaramar ƙofa, ta taka koren kafet, ta ƙwanƙwasa ƙofar motar. Na bi ta a guje, gwiwoyina na ƙara.

Sai labulen taga ya motsa.

"Verna, buɗe. Hannuna ya gaji."

Ƙofar ta buɗe. Ban ga wadda ta fara kama wata ba, na dai tsinci kwanon a hannuna, su biyun suna kuka a kan matakala. A cikin kwanon kek ne na lemo. Orval yana tsaye a bayansu da rigunansa uku, bakinsa a buɗe.

"Yanzu muka iso," in ji shi. "Muka kwana muna tuƙi, da muka ji..."

"Orval," in ji Ardis, "rufe min baki."

Ta shiga ta zauna a falon, ta dubi talabijin, ta dubi tamfol ɗin da ke leƙowa ta rufi.

"Ashe haka cikin yake. Kullum Harlan sai ya ce in zo in gano masa."

"Ya sani?" in ji Orval.

"Tun yammar da kuka dawo. Yana kallon agwagi sai ga ka ka ɓullo ta bayan gonar Marlys da rabin rufi. Na ɗauka a ranar zan rasa shi, don dariya." Ta share ido. "Kullum da safe sai ya ce in ɗaga labule ya ga ko Arizona ta tashi. In ya ga hayaƙi a bututun nan sai ya ce to, sun kunna rana."

Orval ya zauna a bakin kujera.

"Lemon fa?"

"Kowane ɗaya da tambarin kantin gari na gaba a manne. Ya ɓare su ya jera a jikin gadonsa. Ranar da ka sa kwat ɗin Marlys kuwa sai da na ƙara masa iska."

"Wa kuma ya sani?"

Ardis ta yi ɗan tunani.

"Ina jin jikan fasto bai sani ba. Bai fara magana ba tukuna."

Na tuna yarinyar kanti, na tuna fasto da baiwata, na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Wata uku ana kallona ina zuba ƙarya ana gyaɗa min kai! Garin nan, Allah ya shirye shi.

"Shi ya hana kowa magana," in ji Ardis. "Ya kira 'yan teburin gahawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk wanda ya tona, kar ya zo jana'izarsa. Ya ce mutum ya sayar da gidansa don abu ɗaya, a bar masa abinsa." Ta juya ga Verna. "Ni na so in zo tun tuni. Na yi fushi da shi, na yi fushi da ke, na yi fushi da wannan mai kunnen. Amma likita ya ce ba zai ga Kirsimeti ba, Verna. Sai ga shi kullum yana tashi don ya ga iya inda Orval zai kai. Ya ce ba zai riga shi sarewa ba. Ranar Lahadi tun asuba yake shirya tambayoyin da zai yi masa. Ya zan hana shi?"

Orval ya sa fuskarsa a cikin hannuwansa. Tun yana yaro ban ga ya yi haka ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina, duk da ban gaya masa ba.

"Da na tsallaka," ya ce.

"Da ka tsallaka," in ji Ardis. "Ya ce in ka faɗi haka in ce maka e, da ka tsallaka, sakarai. Kuma ya ce kai ne a gaba wajen ɗaukar akwati, ta hagu, don ka fi sauran gajarta, ya fi son kansa ya ɗan karkata ya ga waɗanda suka zo."

Harlan ya bar wasiyya kar a ajiye shi a ɗakin sanyi sai daskararriyar ƙasa ta narke, yadda ake yi wa masu mutuwa a wannan lokaci. Don haka aka kwana biyu ana gasa ƙasar maƙabarta kafin ta haƙu. Ranar Juma'ar da za a binne shi aka tashi da sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Maƙabartarmu kuwa fili ce fetal a bayan gari, ko bishiya babu. Fasto ya ce tsofaffi su haƙura su tsaya a coci, kar a je binne ɗaya a dawo da uku. Tsofaffin kuma su ne abokan Harlan.

Sai Orval ya buɗe babbar ƙofar garejin, ya tayar da dodon.

Ya tsaya a ƙofar coci da tamfol ɗinsa yana kaɗawa, kashin tattabaru ya yi masa ado tun daga gaba har baya. Mutane suka fito suna hawa ɗaya bayan ɗaya, masu sanda da masu keken turawa. Kowa ya zo wucewa sai ya gaisa da direba.

"Sannu da hanya, Orval."

"Ka sha tuƙi."

"Rana ta karɓe ka. Musamman kunnen nan."

Ba wanda ya yi ko murmushi. Ya amsa wa kowa da kai, ya ja mota a bayan motar gawa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A bakin kabarin ya juya ta ta tare iskar arewa, ya danna maɓallin nan nasa, bango ya tura kansa waje. Tsofaffi goma sha suka zauna a cikin ɗumi, Verna na zuba musu gahawa, suna kallon komai ta babbar taga. Ardis tana tsaye a waje a inuwar motar, ko gefen mayafinta bai motsa ba.

Tafiyar da motar ta yi ke nan a duk shekarar, in ka cire ta gidan mai: daga coci zuwa maƙabarta. Da rani suka sayar da ita da asara, suka kama ɗan gida a bayan kanti. Har yau in an tambaye ni ko irin motocin nan sun ci kuɗinsu, cewa nake a'a, da babbar murya. Sai dai ranar nan ban ce komai ba, don ni ma a ciki na zauna, kusa da murhu.

Da aka gama addu'a mutane suka fara komawa motoci, Orval bai motsa daga bakin ramin ba. Na sauko in jawo shi kafin ɗaya kunnen ma ya lalace. Da na matso sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, hularsa a hannu.

"Sanyi ake, Harlan," in ji shi. "Tun Nuwamba sanyi ake."

Na tsaya a bayansa na jira ya gama.